Leƙen asirin atisaye: don mi Leeds ta biya tara kawai, Kanada kuma anka zare mata maki shida?

"Salamu alaikum yaya arbit, da fatan an wuni lafiya. Don Allah ka raba mana gardama. Kwana uku ke nan a fadarmu nan Bagalam ba mu sha shayi cikin kwanciyar hankali ba, duk a kan maganar ekip ɗin da ke tura mutum ya leƙo atisayen abokan karawarta. Wasu sun ce duk wadda anka kama a kore ta daga gasa kawai, wasu sun ce ai kowa na yi, tarar ma zalunci ce. Ni abin da ya ɗaure mini kai, Leeds ta yi an ci ta tara ta wuce abinta, ƴan matan Kanada sun yi an cire musu maki shida. Laifi guda hukunci biyu? Ko dai kwamitin ladabtarwar nan son kai ne kawai? Kai da ka taɓa zama irin wanga zama ka fahimtar da mu."

Wa alaikumus salam ƙanena, ka gaida mini mutanen fada, ka ce musu su mayar da buta kan wuta. Tambayarka in na gane ta, abu biyu ne ka zuba a kwano ɗaya: shin leƙen atisaye laifi ne da ya kai a kori ekip, sannan mi ya sa hukuncin Leeds da na Kanada sunka bambanta haka. Ni dai ba lauya ba ne, in faɗa maka tun yanzu. Usur na busa shekara da shekaru a filayen ƙasa na garin nan, da gwiwa ta fara ciwo sai anka mayar da ni cikin masu zaman sauraren ƙara a gasar unguwanni. Toh da wannan idon zan yi maka magana, idon wanda ya sha zama kan benci da takardar ƙara a gabansa, magoya baya na tsaye a taga suna jiran ya buɗe baki su zage shi.

Abin da ya faru a Derby

Ranar 10 ga Janairu 2019, ana gobe Leeds United za ta kara da Derby County a gasar Championship, wato rukuni na biyu na Ingila, mutanen Derby sunka hango wani mutum yana raɓe a gefen shingen filin atisayensu da madubin hangen nesa. Anka kira ƴan sanda, sunka zo sunka yi masa tambayoyi, amma ba su kama shi ba don bai karya dokar ƙasa ba, ba cikin filin ya shiga ba. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa. Ashe ma'aikacin Leeds ne. Kocin Derby lokacin Frank Lampard ne, na Leeds kuma Marcelo Bielsa, ɗan Ajantina ɗin nan mai zama kan bokiti a bakin fili. Washegari Leeds ta ci 2-0.

Abin da ya sa maganar ta yi girma ba leƙen ba ne kaɗai, bakin Bielsa ne. Mutumin bai yi musu ba ko na minti ɗaya, tun kafin a take wasa ya ce eh ni na aike shi, kar ku zargi kowa. Bayan ƴan kwanaki ya tara ƴan jarida ya kunna musu kwamfuta sama da awa guda yana nuna musu yadda yake tsefe kowace ekip, kuma a nan ya ƙara da cewa ba Derby kaɗai ba, duk wadda sunka kara da ita a kakar nan ya sa an leƙo atisayenta. Kai jama'a. Kamar a kama mutum da akuya ɗaya ya ce ai ku zo gida ku ga garke. Nan fa sauran ekip-ekip sunka harzuƙa, goma sha ɗaya daga cikinsu sunka rubuta wa hukumar EFL mai kula da gasar takarda cewa a yi bincike.

Da EFL ta buɗe littafin dokokinta sai ta tarar babu layi ko ɗaya da ya ce kar a kalli atisayen abokin karawa. Babu. Abin da ta samu ta rataya laifin a kai shi ne doka mai lamba 3.4, wadda ta ce kowace ekip ta yi mu'amala da ƴar uwarta da cikakkiyar amana da kyakkyawar niyya. Doka ce mai faɗi kamar babbar riga, kowa ka sa wa za ta shige shi amma ba a ɗinka ta don kowa ba. Leeds ta amsa ta saɓa mata, a watan Fabrairu anka ci ta tarar fam 200,000, kusan miliyan 150 na sefa ke nan, tare da jan kunne a rubuce. Bielsa ya ce shi ya jawo, ya biya daga aljihunsa. Sai bayan nan EFL ta zauna ta rubuta sabuwar doka ƙarara: an hana kallon atisayen ekip ɗin da za ka kara da ita cikin awa 72 kafin wasa, sai in su sunka gayyace ka.

Ka ga amsar rabin tambayarka ke nan. Leeds ba gata anka yi mata ba, ta faɗa rami ne tun ba a kafa allon gargaɗi ba. Duk ekip ɗin da ta yi irin wannan a gasar EFL bayan 2019, ba za ta iya ɗaga hannu ta ce a yi mini irin na Leeds ba, don ita ta ga allon da idonta ta tsallake.

Na Kanada kuma fa

Yulin 2024, gasar Olamfik ta Paris. Ƴan matan Kanada su ke riƙe da zinaren Tokyo, ba ƙananan ekip ba ne. Ƴan New Zealand na atisaye a garin Saint-Etienne sai sunka ga dron, wato ƙaramin jirgin nan marar matuƙi mai ɗaukar hoto, na shawagi a kansu, sunka kai ƙara wajen ƴan sanda, anka bi sawu anka kama mai tuƙa shi, Joseph Lombardi, ɗaya daga cikin masu yi wa Kanada nazarin wasa. Nan bambancin farko ya fito, wannan ya karya dokar ƙasar Faransa kanta don an hana tada dron a irin wuraren nan, har kotu ta yi masa ɗaurin wata takwas na jeka ka gyara halinka. Mutumin Leeds kallo ya yi daga bakin hanya, wanga kuwa hoto ya ɗauka daga sama, kuma hoton na nan a cikin na'ura, ba maganar an ce ka ce.

FIFA ba ta ɓata lokaci ba tunda gasa na tafiya. Ta cire maki shida, ta ci tarar kuɗin Siwis 200,000, ta dakatar da koci Bev Priestman da mataimakiyarta Jasmine Mander da shi Lombardi shekara guda-guda. Kanada ta ɗaukaka ƙara zuwa kotun wasanni ta duniya, anka yi watsi da ƙarar ana saura ƴan awowi su shiga wasansu na uku. In ka lura kuɗin tarar kusan ɗaya ne da na Leeds, makin ne ya bambanta. Kuma mi ya sa maki? Don gasa ce ta wasa uku a rukuni, in ka ce tara kawai toh ka sayar wa kowa lasisin leƙe, ƙasa mai kuɗi ta biya ta wuce. Abin mamaki da yaran nan sunka yi, sun ci New Zealand 2-1, sun ci Faransa mai masauki 2-1 da ƙwallon da ta shiga can cikin ƙarin lokaci, sun ci Kolombiya 1-0, maki tara anka zare shida saura uku, kuma da ukun nan sunka fito daga rukuni. Sai Jamus ta tare su a bugun penalti a kwata fainal. Wlh ranar na tausaya musu, don ba su sunka tada dron ba amma su sunka ɗauki kayan.

Yadda kwamiti ke tunani, ba yadda fada ke tunani ba

A fada tambayar farko ita ce wace ekip ce, tawa ko ta maƙiyina. Laifi tudu ne ai. Mai goyon bayan wadda anka leƙa zai ce a kore su har abada, gobe in tasa ce anka kama sai ka ji ya koma malamin tarihi yana kawo maka cewa tun zamanin kaza ake yi. A kan tebur ɗin kwamiti kuwa tambayar farko ita ce ina dokar, lamba nawa, kuma ranar da anka aikata abin tana nan a rubuce ko bayan nan anka rubuta ta. In dokar ta faɗi laifi ta faɗi hukuncinsa, aikin kwamiti ba wuya. Ka tuna Afirka ta Kudu a neman gurbin kofin duniya na 2026, sun sa Teboho Mokoena a wasansu da Lesotho a Maris 2025 alhali yana da katin gargaɗi biyu ya kamata ya zauna. Sun ci wasan a fili 2-0, FIFA ta juya shi 3-0 a kan tebur ta ba Lesotho. Ba wanda ya tsaya tambayar ko Mokoena ya yi ƙoƙari ranar ko bai yi ba, doka ta riga ta yanke. Matsalar leƙen asiri ita ce yawanci ko an hana shi ba a ɗaura masa farashi guda ba, sai a bar wa kwamiti ya zaɓa daga jan kunne, tara, cire maki, har kora. Nan ne gardama ke samun wurin zama.

Bayan doka sai wa ya aike shi. Kullum kariyar farko da ekip ke kawowa ita ce yaron nan gaban kansa ya yi, mu ba mu sani ba. Kwamitin da ya san aikinsa ba ya tsayawa nan, zai tambayi wa ya biya kuɗin mota, wa ya faɗa masa lokacin atisaye, hoton da ya ɗauka wayar wa ya tura. Kuma a dokokin balo ekip na ɗaukar alhakin ma'aikatanta ko da shugaba ya rantse bai sani ba. Abin da sanin manya ke canzawa shi ne nauyin hukunci. Yaro ɗaya mai rawar kai daban, tsarin da koci ya kafa ana yi duk sati daban.

Sannan ka sani kwamitin ladabtarwa ba kotun laifi ba ce. Ba sai an kawo hujjar da ba ta da ƙofar shakka ko kaɗan ba, in hujjojin sun gamsar da masu zaman cewa abin ya faru ya isa. Shi ya sa za ka ga ƴan sanda sun saki mutum amma hukumar wasa ta hukunta ekip ɗinsa, mutane su ce ai an wanke shi, a'a, ma'auni biyu ne daban.

Wanda ya fi ba ni ciwon kai shi ne lokacin da abin ya faru. Tarar fam 200,000 a tsakiyar kaka abu ne, amma ka ɗauka a wasan neman hawa Firimiya ne, inda wanda ya ci wasan ƙarshe a Wembley ke samun abin da ya haura fam miliyan 100. In ka ci mutum tarar dubu ɗari biyu a kan miliyan ɗari ai ba hukunci ka yi ba, kamasho ka karɓa. In kuma ka ce za ka cire masa maki a kaka mai zuwa, toh wanda anka zalunta bana mi ya samu? An riga an fitar da shi, makin baɗi ba zai dawo da shi ba. A irin wannan wurin ni ra'ayina, in doka na nan a rubuce kuma an tabbatar da sanin manya, hukuncin ya taɓa wasan da anka yi leƙen dominsa. Na san akwai zafi, magoya baya sun sayi tikiti, ƴan wasa ba su ji ba ba su gani ba. Amma wanda ya jefa su cikin wannan hali na cikin gidansu, ba kwamiti ba ne. Kuma hukuncin farko ba shi ne ƙarshe ba, Everton an cire mata maki goma a Nuwamba 2023 a kan maganar kuɗi, da ta ɗaukaka ƙara ya koma shida.

Wai ma yana da amfani?

Masu cewa kowa na yi ba ƙarya sunka yi ba gaba ɗaya. Kafin kofin duniya na 2018 wani ɗan leƙen Suwidin ya samu gida kusa da sansanin Koriya ta Kudu a Ostiriya yana hango atisayensu, har kocin Suwidin ya ba da haƙuri, shi kuma kocin Koriya ya ce dama yana musanya wa yaransa lambobin riga don Turawa ba su iya bambance fuskokinsu. A 2013 an kama wani mai horar da masu tsaron gida na Genoa ta Italiya kwance cikin daji da kayan sojoji yana leƙen Sampdoria. Ana yi, amma yawan ɓarayi bai taɓa halatta sata ba.

Sai dai a rarrabe. Kallon wasannin da abokin karawa ya buga a bainar jama'a, tara bidiyonsa, rubuta wa gola gefen da kowa ke buga penalti kamar takardar da Lehmann golan Jamus ya zaro daga safa a 2006 gaban Ajantina, duk wannan halas ne, aikin koci ke nan. Abin da ake samu a atisayen kwana biyun ƙarshe ne ba a samu a bidiyo: su wa za su fara, wa ke ɗingishi ana ɓoyewa, wace sabuwar dabara anka shirya a korna ko kufuran. Abu kaɗan ne amma a wasan da ƙwallo ɗaya ke rabawa ba kaɗan ba ne.

Ko ya canza sakamako? Wannan ba mai iya auna shi, ni ma ban iyawa, kuma kwamiti bai kamata ya ɗora hukuncinsa a kai ba. Bielsa da kansa ya ba da labari a taron nan cewa bayan wasan ƙarshe na kofin Sifen a 2012, lokacin yana kocin Bilbao, ya nuna wa Guardiola kocin Barcelona nazarin da ya yi wa Barcelona, Guardiola ya ce ka fi ni sanin ekip ɗina, amma dai uku da babu anka ci Bilbao. Kuma a kakar leƙen nan, Leeds ta sake haɗuwa da Derby a wasan neman hawa, ta ci 1-0 a gidan Derby, Derby ta zo Elland Road, filin Leeds, ta zuba mata 4-2 ta fitar da ita.

Wanda ya taɓa zuwa gabana

Wata shekara a gasar hutun makaranta, ana jibi wasan kusa da na ƙarshe, wata ekip na gwajin penalti da yamma sai golansu ya ɗaga kai ya hango yaro a kan bishiyar bedi da waya a hannu. Anka sauko da shi, ya sha ranƙwashi, anka duba wayar ga bidiyo nan kusan minti goma, kuma ƙanen kyaftin ɗin ɗaya ekip ɗin ne uwa ɗaya uba ɗaya. Sunka goge bidiyon sunka sake shi, ba wanda ya zo wajenmu. Anka buga wasa, canjaras, anka je penalti, waɗanda anka leƙa sunka faɗi. Da dare sai ga su ƙofar gidana da takardar ƙara da mutum ya fi ashirin, har da mai cewa ba bidiyo kaɗai ba an ga yaron ya tona rami a bakin raga. Wannan ta biyun na ce musu ba hurumina ba ne, ku kai wa malamai.

Mun zauna mu biyar a wani aji. Takardar dokar gasar shafi biyu ce, ta yi maganar shekaru, ta yi maganar lasisi da forfe da dukan arbit, ba ta ce komai ba a kan leƙe. Hujja masu ƙarar sun goge ta da hannunsu. Ba su sa rezab, wato ƙorafi a rubuce, kafin wasa ba alhali sun sani tun kwana biyu, sai da anka ci su, ihu bayan hari ke nan. Sannan filin ba katanga ba ƙofa, masu tallan gyaɗa da ƴan kabu-kabu duk suna tsaye suna kallo, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Kyaftin ya rantse bai aiki ƙanensa ba, ni a raina ban yarda da shi ba ko kaɗan, har yau ban yarda ba, amma abin da ke raina ba hujja ba ne. Munka bar sakamako yadda yake, munka ci su tarar jaka goma a kan rashin ladabi, wanda in ka duba shi ne dai irin babbar rigar da EFL ta sa wa Leeds. Na sha zagi wata guda, akwai mai shagon da ya daina amsa sallamata har bayan babbar salla.

Da shekara ta zagayo munka ƙara layi biyu a takardar: duk ekip ɗin da anka kama mutuminta na ɗaukar hoton atisayen abokiyar karawa daga ranar da anka fitar da jadawali ta rasa wasan, da sharaɗin a kawo ƙara da wayar kafin a take ƙwallo. Duk kyaftin ya sa hannu kafin a fara gasa. Wanda ya fi kowa matsawa a rubuta layin nan shi ne kyaftin ɗin da anka zarga bara, don a lokacin ya zama koci, kuma filin da yake atisaye bishiyar bedi uku ce a gefensa.